Zauren Iyali: Omo Ya Ƙi Barin Aljihun Inji, Laifin Wa?

A wannan fitowa za mu ɗan jingine batutuwan tarbiyya da zaman aure da muka saba kawowa, mu duba wani ƙaramin al'amari na bayan ɗaki, wato injin wankin da ke gama aikinsa ya bar garin sabulu, wanda duk muke kira omo, cure a cikin aljihunsa. Mai karatu na iya cewa wannan bai kai a ɓata masa tawada ba. Mu ma da haka muka ɗauka, har sai da muka ga yadda cokali uku na omo suka kusa raba wata yarinya da makarantarta.

Abin ya faru ne a Sabonjida, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin tsakiyar birnin Tamale da ke arewacin Gana, a wani gidan 'yan'uwanmu, babban gida irin mai ɗakuna kewaye da tsakar gida. Babban ɗan gidan, wanda ke fatauci tsakanin Tamale da Kumasi, ya sayo wa mahaifiyarsa injin wanki mai ƙofa a gaba, irin na gwanjo da ake shigowa da su daga Turai ta tashar jiragen ruwa ta Tema. Niyyarsa ta alheri ce, yana so ya hutar da tsohuwa da yaran gida daga durƙuso a gaban baho. Aka yi murna, aka sa albarka, aka kuma ɗora kula da injin a kan wata yarinya 'yar riƙo, ɗiyar ƙanen Hajiya, wadda aka kawo daga ƙauye domin ta yi karatun boko da na Islamiyya.

Ba a yi wata guda ba murna ta fara komawa ciki. Duk sanda aka gama wanki aka jawo aljihun, sai a tarar da omo ya kwanta kamar ƙullun koko. Fararen kayan Juma'a na maigida suna fitowa da zane-zanen fari mai ƙamas, wuyan riga kuwa da daudarsa. Jaririn gidan ya fara ƙaiƙayi. Hajiya ta ce yarinya ba ta iya ba, ta sa a ƙara omo, sai abin ya ƙara lalacewa. Aka kira wani mai gyara, ya ɗan latsa nan da can, ya ce ƙwaƙwalwar injin ce ta ƙone saboda an taɓa abin da bai kamata ba, ya yanka kuɗin da ya kusa rabin farashin injin. Daga nan maigida ya yanke hukunci cewa in an yi hutun makaranta a mayar da yarinyar gidan ubanta.

Allah Ya sa muna gidan ranar da wani dattijo mai aikin famfo, wanda suke sallah a masallaci ɗaya da maigida, ya shigo gaisuwa ya ji labari. Bai buɗe injin ba. Cewa ya yi: "Hajiya, a ba ni bokiti da agogo." Ya rufe famfo, ya kwance tiyon da ke kai ruwa bayan injin, ya sa bakinsa cikin bokiti mai cin lita 10, ya buɗe. Ruwa ya riƙa zuwa kamar ana tsiyaya shi daga buta. Sai da aka haura minti 4 kafin bokitin ya cika. Dattijon ya dubi maigida ya ce: "Alhaji, an bar jaki ana dukan taiki. Injinku lafiya lau yake, yarinyar nan ma ba ta da laifi. Ruwanku ne ba shi da ƙarfi."

Yadda omo ke barin aljihu

Domin mu fahimci maganar dattijon, sai mu san yadda abin ke aiki. Aljihun injin yana da gida uku. Mai alamar II shi ne na babban wanki, nan ake zuba omo. Mai alamar I na jiƙon farko ne, ga kayan da suka yi dauɗa ƙwarai. Mai alamar fure kuwa na ruwan tausasa tufafi ne. Babu wani hannu ko cokali a cikin injin da ke kwashe omon. Abin da ke faruwa shi ne, idan aka kunna, wani bawul mai aiki da lantarki ya buɗe, ruwa ya bi ta wasu ƙananan huji da ke rufin aljihun, ya feso da ƙarfi a kan omon, ya kore shi zuwa cikin gangar wanki. Idan ruwan ya zo da ƙarfi, cikin ɗan lokaci aljihu ya wanke tas. Idan kuwa ɗiga yake yi, sai ya jiƙa omon kawai, ya haƙa 'yar hanya ta gefe ya wuce, ya bar sauran ya daskare.

Tun injin farko mai sarrafa kansa da kamfanin Bendix ya fitar a Amurka a 1937, ana ƙera waɗannan injuna ne domin gidajen da ruwan famfo ke zuwa dare da rana da ƙarfinsa. Ana auna ƙarfin ruwa da ma'aunin da ake kira bar. A galibin gidajen Turai ruwa na zuwa da bar 2 zuwa 4. Littafin da ke zuwa tare da inji yakan faɗi mafi ƙarancin abin da yake bukata: wasu rabin bar, wasu bar 1 cikakke, kuma da yawa suna son famfon ya ba da lita 8 zuwa 10 a minti ɗaya. Bokitin dattijo ya nuna cewa gidan Hajiya bai kai ko lita 3 ba.

Tsawo ne ke ba ruwa ƙarfi

Ruwan famfon Tamale daga kogin Farin Volta ake ɗebo shi, a Nawuni, a tace shi a Dalun, a turo shi gari ta bututu. An gina matatar a 1972, aka faɗaɗa ta a 2008, amma garin ya ci gaba da bunƙasa ta kowace kusurwa. Rijiyoyin burtsatse kuma ba su cika yin albarka a ƙasar Tamale ba, wasu ma ruwansu da zartsi. Shi ya sa kusan kowane gida ya dogara da ajiya: mai hali ya kafa baƙin tankin roba, mai ƙaramin ƙarfi ya tara jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da mutanen Gana suka laƙaba wa sunan Shugaba Kufuor, wanda ya yi mulki daga 2001 zuwa 2009. Masu karatunmu na Maraɗi, Damagaram, Kano da zangunan Lome da Wagadugu sun san irin wannan zama.

To, ruwan da ke saukowa daga tanki ba shi da abin da ke tura shi sai nauyin kansa. Ƙa'idar kuwa mai sauƙi ce: kowace mita 10 ta tsawo tana ba da kimanin bar 1. Ana auna tsawon ne daga saman ruwan da ke cikin tanki zuwa inda tiyo ke shiga injin, wanda yake kusan santimita 80 daga ƙasa. Tankin gidan Hajiya yana kan dakali mai mita 2. Idan ya cika maƙil, aka haɗa da zurfin ruwan cikinsa, tazarar ba ta kai mita 3 ba, wato ƙasa da sulusin bar. Idan ruwan ya yi ƙasa, abin da ya rage bai fi mita 1 da 'yan kai ba. Injin da ke neman rabin bar yana bukatar tazarar mita 5, mai neman bar 1 kuwa mita 10.

A nan mutane da yawa ke yin asara. Sukan sayi tankin da ya fi girma suna zaton ƙarfin ruwa zai ƙaru. Girman tanki yana ƙara yawan kwanakin da ruwa zai yi, amma faɗinsa ba ya ƙara ƙarfi ko kaɗan. Haka nan siririn bututu mai rabin inci, idan ya yi nisa kuma ya sha lanƙwasa, yana cinye ɗan ƙarfin da ake da shi kafin ruwan ya iso.

Abubuwan da za a duba kafin a kira mai gyara

Ba kowane gida ne matsalarsa ke daga tanki ba, don haka ga tsarin da ya kamata a bi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Kafin a taɓa komai, a zare wayar injin daga soket, a rufe famfo. Ruwa da lantarki ba sa zama inuwa ɗaya, kuma rai ya fi inji.

Na farko, a duba famfon da tiyon. Sau da yawa famfon a rabi yake buɗe, ko kuma an tura injin ya manne da bango har tiyo ya lanƙwashe.

Na biyu, a yi gwajin bokiti kamar yadda dattijo ya yi. Idan lita 10 ta cika cikin minti ɗaya ko da ɗan ɗori, ruwan gidan ya wadatar, sai a nemi matsalar a jikin injin. Idan ya ɗauki minti 3 ko 4, an gano inda gizo ke saƙa.

Na uku, a duba 'yar rariyar da ke bakin injin, daidai inda ake ɗaura tiyo. Ƙaramar raga ce da aka sa domin tare tsakuwa da laka. A ƙasarmu tana saurin toshewa, domin ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu tana shiga duk tankin da murfinsa bai zauna ba, ruwan tanka da na madatsai yakan zo da laka, tsofaffin bututun ƙarfe kuma suna zubar da tsatsa. A jawo ta a hankali da filaya, a wanke da tsohon buroshin haƙori, a mayar. Kada a kuskura a jefar da ita don ruwa ya ƙara gudu, domin tsakuwa ɗaya na iya hana bawul rufewa, ruwa ya malale ɗaki.

Na huɗu, a ciro aljihun gaba ɗaya. Akwai wani ɗan harshe a tsakiyarsa da ake dannawa ya fito. A jiƙa shi a ruwan ɗumi a goge. Sannan a haska fitila cikin ramin da ya fito, a dubi rufinsa. Hujin da ke feso ruwa sukan toshe da busasshen omo da baƙar funfuna. Injin gwanjo kuma yakan zo da farin dutsen da ruwan wasu garuruwan Turai ke bari. A goge da buroshi, a tsokane hujin da tsinken sakace, a shafa ruwan lemon tsami ko ruwan kal domin narkar da farin dutsen. Gargaɗi a nan: kada a taɓa haɗa abu mai tsami da bilic, wanda ake kira parazon a Gana, javel a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, domin haɗin yana fitar da iska mai guba da ke cutar da huhu.

Na biyar, idan ruwa ne ke kwanciya a gidan mai alamar fure, akwai wata 'yar hula da ke zaune a kan siririn bututu a ciki, ita ke zuƙe ruwan tausasa tufafi. A cire ta a wanke, kuma kada a zuba ya wuce layin da aka shata.

Na shida, a dubi omon kansa. Daga Mayu zuwa Oktoba, lokacin damina, garin da aka bari a buɗe yakan sha danshi ya dunƙule, kuma dunƙulallen omo ko ruwa mai ƙarfi ba ya kore shi da sauƙi. A adana shi a roba mai murfi. A goge aljihu ya bushe kafin a zuba, a bar shi a ɗan buɗe bayan wanki. A kuma lura cewa omon wankin hannu daban, na inji mai ƙofa a gaba daban. Na hannu an yi shi ne ya yi kumfa mai yawa, kumfa kuwa a cikin ganga tana hana tufafi bugun juna, tana kuma wahalar da ɗauraya. Yawan kumfa ba shi ne tsabta ba.

Na bakwai, a tabbata injin yana zaune daidai, bai karkata gaba ba. Ƙafafunsa ana murɗa su su hau ko su sauka.

Sai an bi duk waɗannan ruwa bai feso ba, sannan za a zargi bawul, wanda ƙaramin abu ne da ake canjawa shi kaɗai. Ƙwaƙwalwar inji ita ce ta ƙarshe a jerin waɗanda ake tuhuma. Duk mai gyaran da ya fara da ita tun bai auna ruwa ba, a nemi ra'ayin wani kafin a biya.

Idan ruwan ne ba shi da ƙarfi

Mafita huɗu ce, kowa ya ɗauki daidai aljihunsa. Wadda ba ta cin ko sisi ita ce a daina amfani da aljihun: a narkar da omo a kofin ruwan ɗumi a zuba cikin ganga kafin a sa tufafi, ko a yi amfani da sabulun ruwa. Ta biyu, a yi wanki ranar da famfon gari ya kawo, ko lokacin da tanki ke cike kuma ba kowa ke ɗiba a wani famfon ba. Ta uku, a sa ƙaramin injin tura ruwa tsakanin tanki da injin wanki, irin mai tashi da kansa idan ruwa ya fara gudu, ko a ɗaga tanki, amma da shawarar magini, domin lita 1,000 ta ruwa nauyinta tan guda ne, kuma ƙarƙashinsa yara ke wasa. Ta huɗu ta wanda bai saya ba tukuna ce: ya auna ruwan gidansa kafin ya je kasuwa. Inji mai baho biyu, wanda ake zuba wa ruwa da bokiti, ba ya neman ƙarfin famfo, kuma idan wuta ta ɗauke ana iya kwashe kaya a ƙarasa da hannu. Waɗanda suka ga shekarun dumso a Gana, daga 2012 zuwa 2016, sun san darajar wannan.

Abin da ya shafi tsarki

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta dace da mujallar iyalan Musulmi. Omon da ya ƙi tafiya a farkon wanki ba zama yake yi shiru ba. Duk sanda injin ya ja ruwan ɗauraya, ruwan yakan gutsuri kaɗan ya kai cikin ganga. Sakamakon haka sai tsari ya juye: an wanke tufafi da kusan ruwa zalla, an ɗauraye su da ruwan sabulu. Wannan ne asalin farin zanen da ke kan kaftanin maigida, kuma yana iya zama sanadin ƙaiƙayin fatar jariri.

Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta Ishmawi ko Risala ya san cewa a mazhabar Imamu Malik ruwa kashi-kashi ne. Ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ya jirkita da abu mai tsarki, kamar sabulu, shi kansa mai tsarki ne, amma ba a ɗauke hukuncin najasa da shi. Sabulu na gusar da dauɗa da wari, tsarkin tufa kuwa yana tabbata ne da ruwa tsantsa. Wasu mazhabobi sun sassauta a wannan mas'ala, kuma ba mu zo nan don yin fatawa ba, kowa ya koma ga malaminsa. Shawararmu dai ita ce wadda ke fitar da mutum daga saɓani: tufar da fitsarin yaro ko jini ko wata najasa ta taɓa, a fara wanke wurin da ruwa zalla har ya fita, sannan a jefa ta cikin inji. Kuma a tabbata ɗaurayar ƙarshe da ruwa garai aka yi ta. Ba a bukatar waswasi, ba a kuma bukatar maimaita wanki sau uku, domin addinin da ya hore mu da tsabta shi ne ya hana mu almubazzaranci da ruwa, balle a garin da mata da yara ke yin sammako nemansa.

Komawa Sabonjida

Dattijo ya wanke rariyar, ya fitar da laka kusan cikin cokalin shayi, ya buɗe hujin rufin aljihu, ya koya wa yarinyar narkar da omo a kofi. Bayan sati biyu ɗan gidan ya sa ƙaramin injin tura ruwa. Kayan Juma'a suka dawo fari fat, ƙwaƙwalwar da aka ce ta ƙone kuwa tana nan tana aikinta.

Abin da ya fi burge mu shi ne abin da Hajiya ta yi da daddare. Ta kira yarinyar gaban mutanen gida ta ce: "'Yata, na ɗora miki laifin da ba naki ba. Ki yafe mini." Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce: "Ba komai, Gwaggo, Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Maigida ma ya janye maganarsa, yarinya ta ci gaba da karatunta.

'Yan'uwa, a gidajenmu idan abu ya lalace, mafi rauni ake fara duba: 'yar riƙo, 'yar aiki, amarya, almajirin da ke yi mana aike. Su ne ba su da bakin kare kansu, kuma su ne amanar da za a tambaye mu a kanta. An umurce mu da mu yi bincike kafin mu yanke hukunci, don kada mu cuci wani cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. A gidan Hajiya binciken bai ci komai ba sai bokiti ɗaya da minti huɗu. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Idan muka ga omo ya kwanta a aljihu, mu fara tambayar ruwa kafin mu tambayi yarinya.

Allah Ya tsarkake tufafinmu da zukatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar waɗanda ke ƙarƙashinmu, Ya wadata garuruwanmu da ruwa mai albarka.